Sarƙar da Na Ƙera wa Awuwa

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka kai lefena Argungu ba, kuma ko na yi niyyar mantawa dangin matata ba za su bar ni ba. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, domin ni dai a ganina mu uku muka yi wannan ɓarna, amma ni kaɗai aka yi wa dariya.

Ni maƙerin fari ne, wato masu ƙera zobe da sarƙa da ɗan kunne. A rumfar Kawuna da ke Birnin Kebbi na koyi aikin, kuma har lokacin da nake ba ku labari a ƙarƙashinsa nake. Yarinyar da zan aura sunanta Hauwa, amma daga uwarta har mai sayar musu da kifi kowa Kulu yake ce mata, kamar yadda ake kiran kowace Hauwa a wajenmu. Iyayenta sun karɓe ni hannu biyu. Mutum ɗaya ce ta ƙi ni tun ranar farko, Gwaggo Tumba, yayar mahaifinta, wadda ba a ɗaura aure a gidan sai da yardarta. Hujjarta ita ce wai namijin da yake wuni yana gwada wa matan mutane zobe a yatsa ba abin yarda ba ne. (Ban taɓa riƙe yatsan kowa ba. Zare nake miƙa musu su auna da kansu.)

To, don in rufe bakin Gwaggo Tumba, na ƙudura cewa sarƙar da za ta shiga lefe ba daga kanti za ta fito ba, da hannuna zan ƙera ta. Akwai wani jan dutse mai sheƙi da kakata ta zo da shi daga Makka ta bar wa mahaifiyata. Na roƙe ta ta ba ni. Tsarin da na zana shi ne fallen azurfa mai faɗin tafin hannun jariri, dutsen a sama cikin gidansa, a ƙasa kuma sunan amarya, a huda haruffan har haske ya riƙa ratsawa. Da na rubuta KULU kamar kowa, da yanzu ba ni da labarin ba ku. Amma ina, sai na ga KULU ya yi kama da sunan gida, HAUWA ya fi cika ido.

Yadda Kawu ya koya mini sauke zane a kan ƙarfe ba shi da wata wahala sai cin lokaci. Ka zana abinka a takarda, ka shafa ƙaro ka manna ta a kan fallen, fuskar zanen tana kallonka. Sai ka ɗauki tsinken ƙarfe ka bi layin kana ɗiga shi da 'yar guduma, ɗigo bayan ɗigo. In ka ɓare takardar sai ka haɗa ɗigon. Abin da ka gani a takarda shi za ka gani a ƙarfe. Ni kuwa a lokacin ina jin kaina, gani nake wannan aikin tsofaffi ne, kuma rubutun hannuna bai kai ya hau wuyan Hauwa ba.

Nan Bitrus ya shigo. Abokina ne, mutumin Filato, yana da shagon buga katin biki a unguwar Badariya. Shi ya ce mini ai yanzu an wuce nan. Zai buga mini zanen da injinsa, ni kuma in kife takardar a kan azurfa, in ɗora dutsen guga mai zafi in danne, in jiƙa da ruwa in murje takardar, tawadar za ta zauna a kan ƙarfen tsaf. Na yi yadda ya ce, kuma wallahi ta zauna, layi siriri kamar an ja da reza. Sai dai da na duba, sunan ya fito a juye, daga ƙarshe zuwa farko. Na kira shi a waya raina a ɓace. Ya yi dariya ya ce ba komai, tunda huda haruffan zan yi, in na gama sai in juya fallen, ɗaya gefen zai karantu daidai. Gaskiya ya faɗa. Abin da bai faɗa ba, kuma har gobe ina riƙe da shi a kan wannan, shi ne cewa da'irar da ke nuna inda dutse zai zauna ita ma tana gefen tawadar.

Na zauna da siririn zartona ina yanka haruffan nan, ina juya fallen sama da ƙasa, hagu da dama, har idona ya daina ganinsu a matsayin rubutu, ya koma ganin ramuka da kusurwoyi. Da na gama na goge da magagari, na nemi inda zan kafa gidan dutse, sai ga da'irata tana kallona. Na ɗora, na liƙe da wuta, na zaunar da dutsen kakata, na lanƙwasa bakin azurfar a kansa ya kama gam. Ko sau ɗaya maganar juyawa ba ta faɗo mini a rai ba.

Za ku ce to ba ka karanta ba? Ku ɗauki biro ku rubuta H da A da U da W, ku juya su. Babu wanda yake canza kama a cikinsu. Da akwai K ko L, da sun ba ni baya na gane. Waɗannan kuwa munafukan haruffa ne, ta ko'ina ka ɓullo musu fuska ɗaya suke nuna maka.

Kuma ba a ce ban bincika ba. Na kai wa Kawu. Ya sa tabarau, ya ɗora yatsa a kan rubutun yana bi a hankali, leɓensa yana motsi, sannan ya miƙo mini ya ce, "Hauwa. Daidai na." Mutumin da ya shekara yana gyara mini aiki ya ce daidai ne, me ya rage? Ban tuna ba cewa Kawu ɗan makarantar allo ne, haruffan boko a ajin manya ya tsince su, kuma duk abin da aka miƙa masa daga dama yake fara karantawa.

Saura bincike na ƙarshe, wanda shi ne ya kashe ni. Da rana tsaka Kawu ya tafi masallaci, rumfa ba kowa, zafin wuta ya sa na tuɓe riga daga ni sai singileti. Na ce bari in ga yadda za ta kwanta a ƙirji. Na rataya sarƙar a wuyana na tsaya gaban madubin da mata ke gwada ɗan kunne. Ga HAUWA nan ɓaro-ɓaro, dutse yana walƙiya. Daɗi ya kama ni. Na karkata wuya, na ɗora hannu a ƙirji, na ɗan turo baki yadda amare ke yi, na ɗauki hoton kaina a cikin madubin da waya. (Kada wanda ya ce mini bai taɓa yin abin da ya fi wannan ba in ya ga ba kowa.) A hoton ma HAUWA ne. Na naɗe ta a auduga, na sa a ɗan akwati, na ɗaure, na gargaɗi yayyena mata cewa kada wadda ta buɗe sai a gaban Gwaggo Tumba.

Ango ba ya zuwa kai lefe, kowa ya sani. Amma motar aro ce, mai ita kuma ya ce in ba ni zan tuƙa ba a bar masa abarsa. Haka na kwashi yayyena da akwatuna, muka wuce Ambursa, shinkafa ta yi kore shar a fadama, ni kuwa ina ta murmushi ni kaɗai ina hango fuskar Gwaggo. Da muka isa Argungu na sauke su a ƙofar gida, na ja motar can gindin wata dalbejiya na kwantar da kujera, don kada a ce ango ba shi da kunya.

Na ji guɗa ta tashi, na ji ta sake tashi. Daga nan sai shiru. Shirun ya yi tsawo har na tashi zaune. Can sai ga babbar yayata ta fito, gyale a hannu, fuska ba annuri, ta ce in zo ana kirana. Na ce ni? A gidan surukai? Ta ce in taso kawai, an fara fito da akwatuna.

Wallahi da na shiga zaure akwatunan lefena na gani jere a bakin ƙofa. Gwaggo Tumba tana tsaye, sarƙar tana lilo a yatsanta kamar ta kamo ɓera, mata kuma cike da bayan labule. Na durƙusa na gaishe ta.

"Wace ta Awuwa?" in ji ta.

Na ce ban gane ba, Gwaggo.

"Awuwa. Ga shi nan ka rubuta da hannunka, an karanta muna. Ɗiyar wa ta? Ta Birnin Kebbi ta, ko cikin masu zuwa awon zobe ta? Ka ƙera ma wata abu, ka ɗauko ka kawo muna cikin lehen ɗiyarmu. Ku kwashe kayanku, sai ka hwaɗa muna ko wace ta."

Wata daga bayan labule ta ce ita ta taɓa jin irin sunan a bakin mutanen Gana. Wata ta ce ai dama an faɗa. Ni kuwa jinina ya hau. Kwana da kwanaki ina ƙona yatsuna, ga dutsen kakata, a ce wai na ƙera wa wata? Maimakon in karɓi sarƙar in duba, abin da kowane mai hankali zai yi, sai na miƙe tsaye a gaban surukai, na ce wannan ƙazafi ne, Hauwa na rubuta, Kawuna shaida ne, kuma ina da hujja a aljihuna. Na zaro waya, na buɗe hoton, na miƙa wa Gwaggo Tumba da hannuna.

Sai da wayar ta bar hannuna na tuna abin da ke cikin hoton.

Gwaggo ta kawo ta kusa da ido, ta nisanta ta, ta sake kawowa. Ta dube ni, ta dubi hoton. Sai ta miƙa ta bayan labule. Na ji wayata tana tafiya daga hannu zuwa hannu, kuma duk inda ta sauka sai wani sauti ya fito kamar an toshe bakin tulu. Daga nan abin ya fashe. Har yayyena, waɗanda muka fito ciki ɗaya, suna dafa bango. Wata tsohuwa da ban taɓa gani ba ta leƙo tana share hawaye ta ce, "Tumba, ki bar yaron ga. Ba shi da wata. Wanda ka yin hakanga shi kaɗai cikin ɗaki, wace za ta kula shi?"

Wannan ita ce shaidar da ta ceci aurena. Ba gaskiyata ba, ba aikin hannuna ba. An mayar da akwatuna ciki ne bisa hujjar cewa babu macen da za ta so ni in ba Kulu ba. Gwaggo ta jefo mini sarƙar, na cafe, na duba da idona a karon farko kamar baƙo: AWUAH. Na juya bayanta, ga HAUWA nan lafiya lau, a gefen da zai manne da fata. Na fita ban ko nemi wayata ba, sai da aka aiko mini da ita, kuma kafin nan hoton ya riga ya shiga wayoyin da ban san adadinsu ba.

Washegari na tunkari masu laifi. Bitrus ya ce shi fa ya ce in juya. Kawu ko ɗagowa bai yi daga aikinsa ba, ya ce, "Ni daga dama nika hwara karatu, kuma Hauwa na gani. In ku kun zaɓi ku hwaro daga hagu, wanga matsalarku ta." Babu wanda ya ba ni haƙuri a cikinsu, har yau.

Na aika wa Kulu cewa zan cire dutsen in sake sabuwa kafin biki. Ta aiko a dawo mata da abarta yadda take, kada in taɓa. Bayan an kawo mini amarya na sake tayar da maganar, don ni dai ganin sarƙar nan yana ƙona mini rai. Tana gaban madubi tana ɗaura ta, ko juyowa ba ta yi ba ta ce, "Ni da ka sa ta, a madubi nika ganin ta, kuma sunana nika gani. Sauran mutane su karanta abin da sunka ga dama."

Na koma ƙaro da tsinke, ba don Kawu ya fi ni gaskiya ba, sai don takardar da ke kallona ba ta taɓa yi mini haka ba. Abin da na koya kuma shi ne, in ana tuhumarka a gidan surukai, ka fara duba hujjarka kafin ka miƙa ta. Kulu tana sa sarƙarta duk wani biki na dangi, ni kuma ina biye da ita ina amsa gaisuwa. Gwaggo Tumba ta tsufa, ta daina gane mutane da yawa, amma in na durƙusa gabanta sai ta karkata wuya, ta ɗora hannu a ƙirji, ta turo baki, sannan ta amsa.