Sarwat Bey a Teburin Kyaftin

Duk faɗin garin Tanta na ƙasar Masar babu wanda ya san sha'anin ruwa kamar Sarwat Bey. Sana'arsa ce ma. Shi ke sayar da tayil da kan famfo da kwanon banɗaki, kuma rabin gidajen garin idan aka ja ruwa ya tafi salin-alin, to albarkacinsa ne. Ban da haka, mutum ne da ya taɓa ratsa teku. Shekarun baya ya hau jirgin fiton alhazai daga tashar Safaga, kuma ko da yake abokan tafiyarsa sun ce rungume da bokiti ya yi ta har aka sauka, kowa ya san hassadar 'yan kasuwa. Tun daga lokacin 'yan layinsu ke kiransa Sarkin Teku. Ya karɓi sarautar hannu bibbiyu, domin bai taɓa waiwayawa ya ga fuskokinsu ba idan sun faɗa.

Shi kansa laƙabin girma na "Bey" ɗin, da yake mutum ne da ba ya son wahalar da hukuma, shi ya naɗa wa kansa. Mahaifinsa manomi ne da ya rayu ya rasu cikin jallabiya da laka a dugadugansa, amma a bakin Sarwat Bey marigayin ya samu ƙarin girma ya zama "mai gonaki". Matarsa Madam Afaf kaɗai ke kiransa Abu Hazim, ita ma sai an rufe ƙofa.

To Hazim ɗin nan, ɗansa tilo, injiniya ne shiru-shiru, kuma ya kamu da son Dalia, 'yar Dakta Ismat, wani likitan ido a Alƙahira. Dakta bai ce e ba, bai ce a'a ba. Cewa ya yi yana so ya san gidan da 'yarsa za ta shiga tukuna. Ƙaramin mutum da sai ya gayyace shi cin abincin rana kawai. Sarwat Bey kuwa sai ya kama wa iyalan biyu ɗakuna a jirgin shaƙatawa mai tashi daga Luksor zuwa Aswan a kan kogin Nilu, aka tsayar cewa kafin a sauka Dakta zai ba da amsa. Ranar tafiya Hazim ya kama hannun ubansa ya sumbata, ya ce, "Baba, don girman Allah, ka ci abincinka kawai ka yi ta kallon ruwa." Sarwat Bey ya dafa kafaɗarsa cike da tausayi, don yaron bai san duniya ba.

A daren farko aka buɗe ɗakin cin abinci, irin na ɗebi-da-kanka. Ga miyar lalo tana tururi da ƙamshin tafarnuwa, ga tattabaru cushe da shinkafa an jera su, ga koshari, haɗin shinkafa da taliya, Turawa sun yi layi a kansu suna ta ɗaukar hoto. Sarkin Teku ya wuce su duka da kansa a sama.

"Dakta, ni cikina ya manta da irin waɗannan," in ji shi, da muryar da ta isa teburi na uku. "Mu da muka saba da teku, abinci mai nauyi ba ya karɓarmu. Mutum in ya waye, hanjinsa ma wayewa yake yi."

Ya ɗebo wani kifi mai sanyi da ba a dafa ba, da ganye ɗanye, da wani cuku mai tsanwa-tsanwa a jiki wanda in a gida ne da Madam Afaf ta zubar ta wanke kwanon da ruwan zafi. Ya zauna yana taunawa kamar mai shan magani, idanunsa kuwa suna bin kowace tattabara da ta gifta. A haka ya samu sukunin koya wa Madam Suhair, matar Dakta, wane cokali mai yatsu ake fara ɗauka. Baiwar Allah, wadda a Faransa ta yi karatu, ta yi masa godiya. Hazim ya sunkuyar da kai cikin farantinsa. Madam Afaf kuwa ta naɗe tattabara ɗaya a takarda ta jefa a jaka.

Bayan abinci aka hau zauren wasa. Mai rawar juyi ya fito da faffaɗan siket ɗinsa mai fitilu, ya yi ta wulwulawa har Turawa suka miƙe suna tafi. Sarwat Bey ya bayyana wa Dakta cewa wannan ba komai ba ne, a jiragen teku mutum uku ke juyawa lokaci guda. Ya kuma aika a gaya wa mai algaita ya rage sauti saboda akwai likita a wurin.

Duk wannan share fage ne. Babban shirin yana cikinsa tun daga Tanta. Wani mai sayen tayil da ya taɓa hawa ƙaton jirgin teku a Italiya ya ba shi labarin cewa a can, manyan baƙi ba sa cin abinci da gama-gari. Teburin kyaftin ake gayyatarsu, su zauna da mutum mai fararen kaya da maɓallan zinariya. Sarwat Bey ya lissafa ya ga cewa duk uban da ya ga surukinsa zaune a hannun daman kyaftin, ba shi da sauran tambaya.

Washegari ya tare manajan jirgin, Ustaz Gamil, ya sanar da shi wannan buƙata. Manaja ya fara cewa, "Ranka ya daɗe, ai Rayyis, wato matuƙinmu, ba ya saukowa ɗakin cin abinci, shi a can sama yake..."

"To mu sai mu hau! Kai, ka san da wa kake magana? Ni na san dokar ruwa tun kana wasan ƙasa. Kowane jirgi yana da kyaftin, kowane kyaftin yana da teburi, kowane teburi yana da babban baƙo. Duba jirgin nan daga sama har ƙasa ka gaya mini, in ba ni ba wa?"

Ustaz Gamil ya daɗe a wannan aiki, kuma aikin ya koya masa cewa mutumin da ba ya bari a ƙarasa masa magana, a ba shi abin da ya nema kawai. Ya rusuna ya ce gobe da magariba, in Allah ya yarda.

Goben kuwa ta faɗo daidai daren jallabiya, wanda babu jirgin Nilu da ba ya yinsa. Tun la'asar Turawa suka wawashe shagon jirgin. Jamusawa dogaye suka fito cikin jallabiyoyi masu ƙyalƙyali da suka tsaya musu a ƙwauri, wasu sun ɗaura tawul a ka suna kiransa rawani. Dakta Ismat ma ya sa wata fara mara ado, yana ta nishaɗi. Da aka miƙo wa Sarwat Bey tasa, sai ya ja da baya.

"Kayan gona? Ni? Wanda zai ci abinci da kyaftin?"

Ya sa baƙar kwat ɗinsa da lakataye mai kamar malam-buɗe-littafi. Kwat ce mai daraja, an ɗinka ta tun zamanin da tumbinsa bai samu cikakken 'yanci ba. Kafin su hau sai da ya leƙa ɗakin cin abinci, ya ƙwanƙwasa kofi da cokali, ya ba jama'a haƙuri cewa yau ba za su samu ganinsa ba, kyaftin ya matsa.

Suka hau bene su shida, manaja na gaba. A can gaban jirgin, cikin wani ɗan ɗaki mai tagogi, wani dattijo baƙi siriri yana zaune a kan benci ya tanƙwashe ƙafa, da jallabiya ruwan toka da rawani, hannunsa ɗaya a kan sitiyari, ɗayan riƙe da kofin shayi. Yaron da aka haifa jiya a bakin kogi ya san haka matuƙan Nilu suke. Sarwat Bey ya dube shi sama da ƙasa.

"Kai baba, je ka gaya wa kyaftin baƙinsa sun iso."

"Sun iso lafiya," in ji dattijon, Rayyis Abdul-Maujud, bai ɗauke ido daga ruwa ba. "Marhaba. Ga abinci nan, bismillah."

Teburin kyaftin tabarma ce. A tsakiyarta an ajiye babban faranti: miyar waken adas, miyar lalo, tsohon cuku mai yaji, albasa ɗanya manya-manya, da gurasar kudancin ƙasar mai kauri. Babu cokali mai yatsu ko na rantsuwa. Dakta ya tattara jallabiyarsa ya zauna daram, yana cewa rabonsa da irin wannan tun yana bautar ƙasa a ƙauye. Matan suka samu gefen benci. Saura Sarkin Teku a tsaye, gumi na tsattsafo masa, yana duban ƙofa ko mai maɓallan zinariyar zai shigo a ce wasa ake yi.

Ba wanda ya shigo. Dole ya fara saukowa a hankali, gwiwa ɗaya, sannan ɗayar. Yana dab da isa ƙasa sai wandon ya yanke hukunci. Ƙarar ta yi tsawo, tun daga ƙugu har inda ba a faɗa.

"Ku kwantar da hankalinku," in ji Rayyis, har yanzu idonsa na kan kogi. "Ba jirgin ba ne ya taɓa ƙasa."

Dalia ta cusa gyalenta a baki. Hazim ya tashi, ya cire mayafin wuyansa ya yafa wa ubansa ta baya, ya zauna daf da shi ya tare shi da jikinsa.

A nan ne abin tausayin ya faru, kuma ni kaina na tausaya. Mutumin nan kwana biyu yana rayuwa a kan ɗanyen ganye da tattabara ɗaya ta sata. Ƙamshin tafarnuwar lalo ya daki hancinsa, wayewar hanjin nan ta tattara nata ya nata ta gudu. Bai san lokacin da ya ɗora albasa a tabarma ya naushe ta da dunƙulen hannu ta fashe gida biyu ba, yadda ake yi a bakin gona. Ya naɗe gurasa ya kwashi miya, ya ƙara, ya sake ƙarawa, har ya ce a miƙo masa cukun nan. Rayyis ya saci kallonsa karo na farko, ya gyaɗa kai.

Da aka gama, maganar komawa ɗaki ta taso, ga wando ya zama labule. Rayyis ya ara masa jallabiyarsa ta Juma'a da rawani. Sarwat Bey yana cikin bayyana wa Dakta cewa shi bai ma san ta ina ake sa irin wannan tufafi ba, hannayensa kuwa suka naɗa rawanin da kansu, tsaf, har da sako jela a kafaɗa.

Hanyar ɗakinsa ɗaya ce, ta tsakiyar zauren wasa, inda ake tsaka da gasar wanda jallabiya ta fi karɓa. Ya so ya raɓa ta jikin bango. Mai gabatarwa ya hango shi, ya yi kururuwa a lasifika, ya jawo shi tsakiyar fili ya damƙa masa sanda. Mai algaitar nan da aka ce ya rage sauti ya ga damarsa, ya hura iya ƙarfinsa, ganga ta ɗauka. Sarwat Bey ya yi niyyar ya tsaya ƙiƙam, amma ƙafafunsa ba su nemi shawararsa ba. Ya ɗaga sandar nan sama, ya karkace kafaɗa, ya yi tsalle da ƙafa ɗaya, ya juya ya doki ƙasa, rawar sanda irin ta bikin ƙauye wadda ba a koyonta da girma. Zauren ya kaure da tafi.

"Jama'a, gasa ta ƙare!" in ji mai gabatarwa. "Kowa a nan sayen tasa ya yi, wannan bawan Allah kuwa gadonta ya yi!"

Aka miƙa masa kyautar raƙumin roba, Turawa suka yi layi suna ɗaukar hoto da manomi na gaskiya. Wata tsohuwa Bajamushiya ma ta tambaye shi shanunsa nawa.

Da safe, jirgi na dosar Aswan, ya fito shan shayi cikin wata kwat ɗin, idanunsa sun yi luhu-luhu. Bai runtsa ba. Ya san ya kashe wa ɗansa aure, kuma wannan ya fi yagewar wando yi masa ciwo. Duk da haka ya tanadi jawabi, cewa da gangan ya yi duk abin da ya yi don ƙarfafa yawon buɗe ido. Ya gyara murya ke nan Dakta ya ɗaga hannu.

"Abu Hazim, zauna. Mun yi shawara da mahaifiyarta. Mun ba Hazim Dalia."

Sarwat Bey ya haɗiye jawabinsa. Sannan ƙirjinsa ya fara dawowa wurinsa a hankali.

"Ai na sani, Dakta! Na gaya wa Afaf, mutum in ya ga irin gidan da..."

"Yaron nake kallo tun Luksor," in ji Dakta, yana juya shayinsa. "Duk abin da ka yi, bai ɗaga maka murya ba, bai kuma taɓa yin kamar bai san ka ba. 'Yata tana da rigima, ban ɓoye maka ba. Amma wanda ya iya zama da kai tun yana cikin tsumma, babu abin da za ta yi masa ya ji a jikinsa."

Sarkin Teku ya juya maganar nan a ransa tun daga Aswan har Tanta, ya auna ta ta kowane gefe, ya gano cewa yabo ce. Yanzu duk wanda ya shiga shagonsa sayen kan famfo sai ya ji yadda babban likita ya faɗa da bakinsa, a gaban shaidu, cewa saboda Sarwat Bey aka ba da yarinyar. Kuma wannan karon, Allah shaida, ko kalma ɗaya bai ƙara ba.