Harshen Sinyore Nata'ala

Idan ana lissafin mutanen da suka ɗaga darajar Gwarzo a zamanin gyaɗa, ba za a tsallake Sinyore Nata'ala ba. Wasu da sikeli suka yi suna, wasu da motar jigila. Shi da harshe ya yi nasa.

Ya taɓa riƙe wa wani Bature ɗan Italiya tire, lokacin da ake aikin gada a hanyar Kano. A can ya ga yadda ake shan giyar inabi. Gani kawai ya yi, don ko maƙiyinsa ya shaida bai taɓa kai ta baki ba, mutum ne mai salla. Amma zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Da aka gama gada, Bature ya bar masa kofin gilashi mai dogon wuya da laƙabin Sinyore, wato Malam da Italiyanci, shi kuma ya kwaso su ya dawo gida.

Kowace ranar kasuwa yakan zauna kusa da sikeli, inda manoma ke jiran awo, ya buɗe makaranta.

"Ku dai sha kuke yi kamar raƙumi ya iso rijiya," in ji shi. "A Italiya ido ne ke fara sha, sannan hanci. Baki shi ne auta. Akwai ja ta Kiyanti, mai nauyi, da nama ake bin ta. Akwai fara, ta kifi ce. Kowace da garinsu da shekarunta, kamar mutum."

Tun da inabi ba ya fitowa a Gwarzo, kuma ko ya fito liman na nan, zoɓo ne ya ɗauki nauyin darasi. Sai ya zuba kaɗan a kofi, ya ɗaga wa rana, ya kaɗa, ya cusa hanci, ya lumshe ido. Can sai ya ce, "Wannan na jigawar Gude ne. Akwai ƙamshin ruwan farko, da ɗan fushi a ƙarshensa." Mai zoɓon ta san a bayan ɗakinta ta tsinko shi, amma wa zai ƙi a ce kayansa na da fushi?

Mu ma ba mu tsira ba. A kakar nan dattawa masu furfura sun yi ta kaɗa koko a ƙoƙo suna shinshinawa har ya huce. Mun sha koko mai sanyi, muna ce masa wayewa.

Abu ɗaya ya rage wa Sinyore, mata. Ya ƙyalla ido a kan Furera, wata bazawara, 'yar Jalo mai shanu a Lakwaya, ita ma kuwa ba ta ƙi ba. Saura gaisuwar iyaye. Ya tafi da kawunsa Ya'u, da babbar riga, da kofi a naɗe cikin hankici.

Aka shimfiɗa musu tabarma a inuwa. Aka tambayi gida, aka tambayi gyaɗa, aka tambayi shanu. Sai Inna Altine, uwar Furera, ta kawo ƙwaryar kindirmo, irin wanda ba a kai wa kasuwa.

"Bismilla, ku sha ruwa," in ji Jalo.

Ya'u ya kai hannu ga ludayi, Sinyore ya tare shi. Yau surukai za su san wa suka samu. Ya warware kofi, ya zuba, ya ɗaga, ya kaɗa. Kindirmo ya ƙi kaɗuwa. Ya cusa hanci.

"Lafiya, Malam? Wani abu ne ya faɗa ciki?" in ji Jalo.

"Nazari nake, Baffa."

Ya kurɓa, ya kurkure baki kamar mai alwala. Sannan ya yi abin da ya ga manyan masana na yi a teburin Bature, wanda bai taɓa nuna mana a kasuwa ba don karatunmu bai kai ba. Ya juya gefe, ya tofar. A gidan da yaro kan sha dukan kara in ya zubar da ɗigon nono.

"Madalla," ya ce yana goge gemu. "Yana da jiki. Akwai ciyawar fadama a ciki. Sai dai yaro ne, Baffa. Da za a ajiye shi ya shekara biyu, da ya yi hankali."

Jalo ya dubi farin tabon da ke ƙasa, ƙudaje sun fara sauka. Bai ɗaga murya ba.

"Malam Ya'u," ya ce, "kada dare ya yi muku a hanya."

Ko azahar ba a kira ba.

A hanya Sinyore ya ce wa kawunsa, "Kawu, ka ga yadda suka yi tsit? Ba su taɓa gani ba."

"Ni ma ban taɓa gani ba," in ji Ya'u.

Kafin a gama kwashe gyaɗar shekarar aka ɗaura auren Furera da Haladu, mai dakon buhu a Kabo. An ce ranar gaisuwarsa ya shanye ƙwarya, ya suɗe ludayi, ya tambaya ko da saura.

Sinyore ya aika a tambayi Furera laifinsa. Ta ce ba shi da laifi ko kaɗan, a gaishe shi da kyau. Sai dai ya ajiye kansa ya shekara biyu.