Ranar da na wanke wa surukata salati

Ranar da surukata ta zo Tawa daga Bambeye, na ce wa matata ta bar mini wankin salati. Matar tawa ta ce in ɗiga jabel, wato ruwan bilic, kaɗan a ruwan. Ni da na yi lakwal, na sha boko, za a koya mini kashe ƙwayar cuta? Na tuttula rabin kwalba, na tsane ganyen a kwando, na koma zaure ina hura hanci.

Can na sunsuna hannuna, sai na tuna ban ɗauraye ganyen ba. Na miƙe zumbur na nufi cikin gida. A ɗaki ana ci, kunyar suruka kuma ta hana ni shiga. Ina ta gumi, sai na ji Inna, surukar tawa, ta yi tari.

Na faɗa ɗakin ba sallama, na fizge kwanon ina ihu: "A kira kabu-kabu! A kai Inna likita!"

Inna ta ja lulluɓi ta ce, "Yaro, kwaɗon zogale ne, barkono ya sarƙe ni. Naka ganyen tuni muka zubar, ko akuya ta ƙi shi."

Har yau saƙonta ɗaya ne daga Bambeye: a gaishe da Mai Jabel, a ce masa tana nan da ranta.