Ɗan Gwagwarmaya da Sambusa a Baki

Jama'a, idan kun ga hoton wani bawan Allah a jaridar unguwa ta wannan makon, kumatu cike da sambusa, a ƙarƙashin ƙyallen da aka rubuta "Ba za mu ci abinci ba sai an fasa rufe laburare", to ni ne, Sanda naku. Ba sharrin kwamfuta ba ne. Amma ko ɓarawo ana jin ta bakinsa kafin a kai shi gaban alƙali.

Akwai wani ɗan laburare a bayan layinmu, nan kudancin Manchester. Can 'yata Zinatu take aikin makaranta kullum da yamma, don a gidanmu hitar ɗumama ɗaki sai an yi baƙo ake kunna ta. Sai manyanmu na nan suka ce aljihun gwamnati ya huje, kowa ya ɗaure ɗamara. Ɗamarar kuwa, Allah ya ƙara musu basira, kullum a ƙugun talaka suke ɗaure ta. Laburaren ya shiga sahun waɗanda za a garƙame.

Ina da maƙwabci, Tomas, ɗan kudancin Indiya, nas ne a gidan kula da tsofaffi. Ni da shi muna da gasa ta dindindin: ƙasar wa ta fi 'yan siyasa marasa kunya? In kawo masa namu da ke cewa mai ya wadata alhali jama'a na kwana a layi, shi kuma ya kawo mini Mai Girma Uban Talakawan jiharsu. Wannan bawan Allah, in ji Tomas, ba ya sa komai sai farin yadi saƙar hannu da silifa. Yana kuka da hawaye kan makarantun ƙauye, ɗansa kuwa ga shi nan unguwar Fallowfield yana karatu. Kwanan baya ya zo Birmingham ya yi wa 'yan ƙasarsu lacca kan gudun duniya, ya koma otal a motar da ta fi falona faɗi.

Amma gwanintarsa ita ce yajin cin abinci. Zai rantse ba zai ci komai ba sai mutuwa, saboda manoma. Ya karya kumallo sosai, ya kishingiɗa a rumfa, fankoki na kaɗa shi. Kafin la'asar a kawo wata tsohuwa ta roƙe shi ya taimaki al'umma ya sha lemo, a rataya masa furanni, manoma su koma gida yadda suka zo.

Na yi dariya har da riƙe ciki. Na ce, "Tomas, ku ba ku san yunwa ba. Mu da muke azumin bazara a garin nan, rana ta kafe a sama ta ƙi faɗuwa?"

Wannan cika bakin ne ya bi ni taron iyayen yara. Ana ta shawarar a rubuta koke, sai na miƙe na ce ni zan yi yajin cin abinci a ƙofar laburare har sai an fasa. Aka ɗauki tafi. Na gano ranar cewa tafi giya ce da ba a haramta ba.

Ina komawa gida dabara ta faɗo mini. Akwai ramuwar azumi a kaina, ga shi Disamba ce, ranar da ba ta gama fitowa take komawa. Me zai hana in ci tudu biyu, ga lada ga suna? Na ɗaura niyya. Da asuba na zauna gaban ɗumamen tuwo da miyar kuka.

Rahmatu, uwargidana, ta dube ni ta ce, "Baban Zinatu, wannan yaji ne ko walima?"

Na ce mata harkar siyasa ce, ba za ta gane ba.

Wuni na yi a ƙofar laburare, yayyafi na dukana, Tomas na riƙe mini lema. Mai Girma Sarkin Almakashi, wakilinmu mai yanke kasafi, ya biyo ya miƙo mini hannu cikin safa. Ya ce laburaren nan tsokar zuciyarsa ce, idan ma ya ɗaga hannu a rufe, to da baƙin ciki zai ɗaga. Na jinjina masa. Ba kowa ke iya yanka rago yana yi masa ta'aziyya ba.

Mai ɗaukar hoton jarida ta ce da rana za ta zo, amma bas ɗin layinmu ma almakashi ya taɓa shi, ta makara. Gari ya fara duhu, wayata ta kira sallar magariba. Rahmatu, wadda ta san niyyar da na ɗaura, ta iso ta buɗe kula. Wallahi ban yi shawara da hannuna ba. Shekara da shekaru yana jin kiran nan yana miƙewa, kuma malamai sun ce a gaggauta buɗe baki. Dabino ya wuce, sambusa ta biyo baya. Sai na ga walƙiyar kyamara.

Tomas ya sauke lema a hankali ya ce, "Brother Sanda, namu ma yana jira sai an roƙe shi."

Washegari ɗan'uwana Gidaɗo ya bugo waya daga unguwar Sparkbrook ta Birmingham. "Yaya, ka yi trending! Har a shagon aski na Stratford Road an manna ka." Mai dokar barci dai ya ɓuge da gyangyaɗi.

A zaman majalisar gari na yanke shawara Sarkin Almakashi bai wahalar da bakinsa ba. Jaridar kawai ya ɗaga, aka yi dariya, aka ɗaga hannu. Ƙarshen wata za a sa kwaɗo. Wataƙila dama sun gama shirinsu, amma ni na miƙa musu wuƙar, kuma abin ya yi mini ciwo. Na rasa idon da zan kalli Zinatu da shi.

Ita ta same ni a kicin. Ta ce, "It's alright, Baba. Amma can we have the heating on yanzu?"

Na tashi na kunna hita, ba baƙo ba kowa.

Gasarmu da Tomas kuwa tana nan. Sai dai yanzu idan na fara lissafo marasa kunyar ƙasarsu, ba ya ramawa da namu na gida. Sambusa kawai yake miƙo mini.