Shelar Tanimu a Ƙofar Surukarsa

Ku da ba ku shigo gari ranar Laraba ba, wallahi an yi ba ku. Kun dai san Tanimu mai shela, wanda in ya ɗaga lasifika har na bayan gari sai ya toshe kunne. To shi ma'aikatan lafiya suka ba shelar allurar rigakafin HPV, ƙwayar cutar nan da ke jawo sankarar bakin mahaifa. Malamar asibiti ta yi ta nanata masa har ya haddace: 'yan mata daga shekara tara zuwa sha huɗu, kyauta, a ƙofar gidan mai unguwa. Da la'asar kuma za su naɗe kayansu su wuce gaba, wadda ba ta ji ba ta rasa.

Ina biye da shi ya zaga kasuwa, ya zaga tasha, yana ta kwarara "bakin mahaifa" ko gezau bai yi ba. Saura layin 'yan daddawa, inda yara mata suka fi yawa. A bakin layin kuwa surukarsa Inna Kande ke zama da tirenta. Ya ce mu zagaya ta baya. Na ce ai an haƙa kwalbati a can, ba hanya. Ban dai je na duba ba.

Yana hango ta ya tuɓe takalmi ya durƙusa.

"Inna, barka da rana."

"Barka kadai. Shelar mece ce yau?"

Ya miƙe, ya juya mata ƙeya, ya sa baki a lasifika: "Jama'a, ana sanarwa! A kai yara mata a yi musu allurar... abin nan. Saboda ciwon... wajen nan. Kun dai gane."

Ba wanda ya gane. Wata ta leƙo tana tambaya ko ta ido ce. Wani tsoho ya ɗingiso ya ce in ta gwiwa ce a sa da shi.

Inna Kande ta ce, "Kai ɗan nan, wane waje? Jikokina na cikin gidan nan, ba zan tura su a caka musu allurar abin nan ba."

Gumi ya karyo wa Tanimu. Ya manta lasifikar na bakinsa, ya ce, "Inna, a gafarce ni. Ba zan iya faɗin sunan wajen a gabanki ba." Duk layin ya ji.

Ganin rana na tafiya, na matsa na raɗa mata sunan allurar da inda ake yi. Tsohuwa ta aje tire, ta fizge lasifikar: "Mata, ku fito da 'ya'yanku! Rigakafin sankarar bakin mahaifa ne, gidan mai unguwa, kafin la'asar!"

Sannan ta juyo kansa, ba ta ko sauke lasifikar ba:

"Wata tara kana kwance a cikin mahaifar tsirara ba ka ji kunya ba, sai yau da ka samu wando?"