Rasuwar Mai Ƙafa Uku

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika maƙil, ni mai ɗaukar hoto na shagon da ke jikin na tela, nake sanar da rasuwar abokiyar aikina, Mai Ƙafa Uku, sandar katakon da ta ɗauki kyamarata a ka shekara talatin da huɗu ba ta taɓa cewa wuyanta ya gaji ba. Ta cika ranar Talata da hantsi, ana tsaka da ɗaukar hoton wani iyali, mutum goma sha ɗaya.

Marigayiyar mai haƙuri ce, ba ta da rawar kai. Masu sana'a sun sani, hoton da za a wanke babba kamar faɗin ƙofa ba ya rufa wa kowa asiri. Fim mai sauri yakan fito da tsaki-tsaki kamar an watsa wa fuska yashi, shi ya sa nake aiki da fim mai nawa, wanda sai ya ɗan jima yana shan haske. A wannan ɗan jimawar, ko numfashi ya girgiza kyamara hoto ya tashi aiki. Ita ce take tsayawa cik, har a iya ƙirga gashin girar mutum. Kowa gilashin kyamarata yake yabo, ita ko sannu ba a taɓa yi mata ba.

Ta kuma iya riƙe sirri. Shekara shida ke nan hannuna yana rawa, ko kofin ruwa ba na kai shi baki a cike, amma ba wanda ya taɓa gani a hotunana.

Ciwon ajalinta ya daɗe. Ƙafarta ta baya takan zame, tana kukan ƙiii in an buɗe ta. Mai ɗakina, Allah ya jiƙanta, ita ta san maganin: sai ta zo ta take ƙafar da silifas ɗinta, tana jan mutane da hira har su manta da kyamara. Tun da ta rasu bara, bulo nake tokarawa. Bulo kuwa bai san lokacin da ƙafa za ta zame ba. Ranar Talata ta zame, katako ya ce ƙas, na cafe kyamara, ita ta kwanta.

Da hannu na ƙarasa aikin. Jiya uwar iyalin nan ta zo karɓar hoton, ta daɗe tana murza ido, ta ce, "Baba mai hoto, idona ne, ko mu ne muka motsa?" Na ce ba ku ba ne. Na kira kafinta, ya jujjuya gawar ya ce, "Malam, wannan kam sai haƙuri." 'Yata ta bugo waya ta ce, "Baba, ka rufe shagon nan haka, ka dawo wurinmu." Tela ya ce in sayi sabuwa ta ƙarfe, wai ita ba sai an take mata ƙafa ba. Abin da ya sa ba na son ta ke nan. Shagon ya yi mini faɗi, kewa ta ishe ni.

Mai Ƙafa Uku ta bar kyamara ɗaya, gilasai uku, kwali biyu na fim mai nawa da yanzu ba su da mai tsaya musu, sai kuma ni.

Za a yi mata sutura cikin jakarta gobe da hantsi, a kwantar da ita bayan labulen shago, kusa da silifas ɗin nan. Ba a bukatar taro, kujera ɗaya ce a shagon. Wanda ya nemi hoton marigayiya a jikin sanarwar nan ya yi haƙuri. Sau huɗu na ɗauka, duk sun fito da rawa.