Jirgin da Na Shanya a Ƙofar Mai Gari

Ko tsufa ya kwashe mini duk abin da ke kaina, ba zan taɓa mantawa da shekarar da na shanya jirgin fito ba. Har yau in na tuna, abin da ke fara zuwa mini ba kunya ba ce, haushi ne. Kunyar daga baya take biyowa.

Ƙauyenmu yana ƙasar Gaya, ta wajen Ajingi, a kan tudu, da 'yar tafiya kafin ka kai kogi. Mu manoma ne, ba mu san ruwa ba sai na sha da na alwala. A ɗaya gaɓar akwai wani ƙauyen, muna ce musu mutanen tsallake, kuma can na auro uwar 'ya'yana. Da rani kogin yashi ne, da ƙafa ake takawa. Da damina kuwa sai da jirgi, kuma jirgin nan guda ne tak ya rage daga waɗanda kakanninmu da nasu suka haɗu suka sa aka sassaƙa. Ya tsufa, yana yoyo, duk wanda ya shiga sai an miƙa masa ƙoƙo ya riƙa kwarfar ruwa.

To, wa zai biya masassaƙi da maƙeri su gyara shi? Nan ake yin ta. Mu muka ce ai a gaɓarsu yake kwana, Sarkin Jirgi mai tuƙa shi mutuminsu ne, shi ke karɓar kuɗin fito. Su suka ce kasuwar Gaya ta wajenmu take, duk abin da jirgi ya ɗauko a ƙofarmu yake bi, mu ke sayen kifinsu da albasarsu da araha. Sarkin Jirgi ya ce ɗan kuɗin da ake jefa masa ko tuwon gidansa bai riƙe ba. Duk shekara a zauna gindin tsamiya, a ci goro, a yi ta maganar zumunci, a tashi ba wanda ya kwance bakin jakarsa.

Ni ne mai babbar murya a wajenmu. (Na yi karatun allo, ban kai ko rabi ba na gudo, amma a ƙauyen da yawancinsu ba su wuce abin salla ba, har Malam ake ce mini, ni kuma ina amsawa.) A zaman ƙarshe na miƙe a gaban surukina, wanda shi ne bakin mutanen tsallake, na ce ko wuri ɗaya ba zai fita daga garinmu ba, don su ke kashe jirgin da sakaci. Tsohon ya ci gaba da jan carbinsa.

Cikin bazara jakina ya ɓace. Ina bin sawunsa ta cikin kogi sai na kai wani gurbi mai zurfi da ba ya ƙafewa. Me zan gani? Jirgin ne a nutse a ƙarƙashin ruwa, an ɗora masa manyan duwatsu a ciki. Na manta da jaki. Na ce yau ga shaida, da gangan suke jiƙa shi ya ruɓe, don a ce mu kawo kuɗin sabo.

Na dawo gari na sa aka dama fura, na kira gayya. Muka fitar da duwatsun, muka ɗaura igiyoyi, muka jawo shi a kan gungume har ƙofar gidan mai gari, muka kife shi a fili inda rana ta fi duka, don ya bushe ya yi ƙwari. Na sa aka aika tsallake cewa jirgi yana hannunmu, ba zai koma ruwa ba sai sun kawo rabonsu na gyara.

Abin da ke ci mini rai ke nan har gobe. Ranar da muke jan jirgin, mutanen tsallake suna tsaye a gaɓarsu suna kallo. Ba wanda ya gargaɗe mu. Sarkin Jirgi ma yana cikinsu, ya ɗaga mini hannu ya ce, "Sannu da aiki, Malam na tudu. A juya shi sosai, kowane gefe ya samu rana." Ni kuma na ɗauka tsoro ne ya kama su. Ashe kowane jariri a garinsu ya san jirgin ice da rani nutsar da shi ake yi, in ya bushe tsagewa yake. Sun sani sarai. Sun kuma san in ya tsage a hannunmu, gardamar wa zai biya ta ƙare.

Wata rana da azahar aka ji ƙara kamar an karya azara. Jirgi ya dare tun daga hanci har kusan gindi, tsagar da za ka zura hannu. Mai gari ya dube ni, na ce ranka ya daɗe abu ne mai sauƙi. Na kwaɓa jar ƙasa da kashin shanu da ramno, irin yadda nake yaɓe rumbuna, na cike tsagar na shafe ta sumul. (Rumbun nan bai taɓa yoyo ba, ina so a san wannan.)

Ruwa ya sauka, kogi ya kawo. Ranar kasuwar Gaya mutanen tsallake suka cika gaɓarsu da kaya, maza da mata, suna jira. Muka kai jirgi muka tura shi ruwa. Ko shiga ba a yi ba, yaɓena ya narke ya bi ruwa ja wur, jirgi ya zauna a ƙasa kamar saniyar da ta ƙi tashi.

Mai gari bai ɗaga murya ba. Ya ce tunda ni na aika musu da saƙon farko, ni zan je da bakina in faɗa musu na biyu, in roƙi Sarkin Jirgi ya zo ya duba ko akwai abin da zai gyaru. Na ce da me zan haye? Ya nuna mini wani ƙaton gora da wani masunci ya iyo da shi daga can.

In ba ka taɓa hawa gora ba, ga yadda ake yi. Za ka tuɓe, a cusa rigarka da wandonka a ciki, ka rage daga kai sai bante, ka kwanta a kansa rub da ciki ka rungume, mai iyo yana tura ka ta baya. Ni da ko rijiya ba na son leƙawa. Muna kaiwa tsakiya igiyar ruwa ta juya mu, goran ya mirgine, na yi ƙasa shi ya yi sama. Na sha ruwa, na kira sunan Allah, na kira na uwata. Masuncin ya cafko ni ta inda hannunsa ya samu, wato ta banten, ya finciko. Ni na taso, banten ya bi ruwa ya tafi Haɗeja.

Haka aka turo ni gaɓa. Na rarrafo cikin taɓo ina tari, goran da kayana ke ciki yana can hannun masunci bai ƙaraso ba. Na ɗaga kai, wadda ke tsaye a gabana da ƙwaryar daddawa a ka, surukata ce, uwar matata. Matar da tun da na auri 'yarta ban taɓa yarda mun haɗa ido ba, in na hango ta a hanya sai in ratse daji.

Mai hankali da ruwa zai koma ya ɓuya zuwa wuya. Ni jikina abin da ya saba ya yi. Na durƙusa, na sunkuyar da kai, na ce, "Inna, ina kwana? An tashi lafiya?"

Ta juya fuskarta gabas, ta ja mayafinta ta rufe ido, ta amsa mini a nutse kamar a zaurenta muke: "Lafiya lau. Ya yaran? Ya ruwa?"

Na ce ruwa ya yi gyara. Nan ne wata mata ta kasa riƙewa, sai gaɓar gaba ɗaya ta ɗauka, har mutanenmu na ɗaya gefen da ba su ji abin da aka ce ba. Surukina ya tako ya yafa mini buzun sallarsa, ya ce a hankali, "Malam, rabonmu na gyaran ka zo karɓa?"

Jirgi dai bai gyaru ba. Sarkin Jirgi ya zagaya shi sau ɗaya ya ce a faskara a yi girki. Aka sake zama gindin tsamiya, wannan karon ba a daɗe ba. Aka yanke cewa garin da ya fasa shi zai yi sabo, garinmu kuma ya juyo ya dube ni. Babban maɗacin da ke gonar ubana, wanda nake hutawa a inuwarsa tun ina yaro, shi aka sare, ni na ciyar da masassaƙa har suka gama. Mutanen tsallake ko tsinke ba su kawo ba, kuma in zan haye a jirgin icen ubana sai na biya fito kamar kowa.

Har yanzu ina nan a kan bakana, rabonsu ne su biya, kuma shirun da suka yi mugunta ce. Amma na koyi abu guda. In kana rigima da mutane a kan wa zai gyara abu, ka ga kana aiki su kuma sun tsaya suna yi maka sannu da fara'a, ajiye igiyar ka tafi gida.